Na'urar XRF ta hannu a kangon masana'anta: abin da take gani da abin da ke wuce ta

Kafin a mayar da filin tsohuwar maƙera ko masana'antar batir gidajen zama, dole a san abin da ke kwance a ƙasar. Na'urar da ta fi saurin ba da amsa ita ce XRF ta hannu, mai gano ƙarafa da hasken eksire, irin su samfurin Niton da Vanta. Nauyinta bai kai kilo 2 ba. Ana ɗora bakinta a kan ƙasa a danna, ta harba hasken eksire, ƙarafan da ke ciki su mayar da nasu hasken, cikin daƙiƙa 30 zuwa 120 allonta ya nuna miligiram nawa na dalma, tutiya, jan ƙarfe ko asanik ke cikin kowane kilo.

A kan dalma kam ba ta da na biyu a fili. Mutum ɗaya zai auna wurare da dama a yini, ya gano inda gubar ta taru, wanda sau da yawa bai wuce bakin tsohon murhun narka ƙarfe ko ramin zuba toka ba. Da haka mai katafila yake sanin inda zai haƙa da inda zai tsaya, maimakon a kwashe fili gaba ɗaya a tifa a biya kuɗin zubar da ƙasar da ba ta da laifi. Ta kuma ƙara daraja tun Janairun 2024, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta sauke ma'aunin binciken dalma a ƙasar gidaje daga miligiram 400 zuwa 200 a kilo. Na'ura mai kyau tana karanta ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Inda ake tafka kuskure shi ne wajen shirya ƙasar. Hasken ba ya shiga fiye da 'yan milimita, saboda haka fatar ƙasa kawai yake gani. Ɓarɓashin tsohon fenti guda ɗaya a bakin na'urar zai ɗaga lamba ta kai sama, tsakuwa kuma ta sauke ta. Danshi ma yana rage abin da take karantawa, musamman idan ya haura kashi 20 cikin 100. Ka'idar EPA mai lamba 6200 ta fayyace yadda ake yi: a ɗebi ƙasa, a busar, a dake, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 0.25, a cakuɗa sosai sannan a auna. Sai dai idan ana zargin zaiba kada a busar da zafi, domin tana tashi ta bi iska. Kowace safiya a gwada na'urar da farin yashi mai tsabta da ƙasar gwaji wadda aka san adadin ƙarfenta, irin NIST 2711. Masu gaggawa nan suke tsallakewa, kuma daga nan rahotonsu ke lalacewa.

Akwai lahanin da ba na kamfani ba ne, na yanayin hasken ne. Da ƙarfin hasken da kowane ƙarfe ya mayar na'urar take gane shi: na asanik yana kan 10.54 keV (ma'aunin ƙarfin hasken), na dalma kuma 10.55, kusan wuri ɗaya. Idan dalma ta ninka asanik fiye da sau 10, lambar asanik ɗin ba abin dogaro ba ce, ko da allo ya nuna ta ɓaro-ɓaro. Haka kuromiyam: jimilla take bayarwa, ba ta bambanta mai saukin illa da nau'i na shida mai jawo sankara, alhali a tsohon wurin lulluɓe ƙarfe da kuromiyam ko majema wannan bambancin shi ne batun.

Abin da ba ta gani sam ya fi yawa. Kwaltar gawayi a tsoffin masana'antun gas, baƙin mai, benzin, PCB (sinadari mai guba a man tsoffin taransifoma), sinadaran wanke ƙarfe da ke nutsewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa su dawo a matsayin tururi ta ƙasan ɗaki, da zaren asbesto, duk wucewa suke yi. Fili zai iya fitowa fes a allonta alhali ba ya zaunuwa. Waɗannan sai rijiyoyin sa ido, na'urar auna tururi da ɗakin gwaje-gwaje.

Ko a kan ƙarafan ma, ka'idar ta nemi a tura aƙalla samfur 1 cikin 20 ɗakin gwaje-gwaje, a haɗa da masu yawan guba da masu kaɗan, a ga ko lambobin sun yi daidai. Hukumomi ba kasafai suke sa hannu a kan lambar XRF kaɗai ba.

Ga aikin fili ɗaya haya ta fi saye, domin ban da tsadarta akwai kuɗin daidaita ta lokaci-lokaci, kuma ƙasashe da yawa suna neman rajista da horon kariya daga hasken eksire. Ba a riƙe jakar samfur a tafin hannu a harba, a kan teburi ko cikin akwatin kariyarta ake ɗora ta.