Pillow da hotunan jakunkunan kawu

Kawuna baduku ne, jakunkuna da takalma yake ɗinkawa da fatar jar akuyarmu ta Sakkwato. Bara na haɗa masa ɗan shafin sayar da kaya, yana turo mini hotuna daga wayarsa, kowanne faɗi pixel 4000, tsayi 3000 (pixel ɗigon da ake auna girman hoto da shi ne). Mai saye ba zai ƙona datarsa yana jiran irin wannan ya buɗe ba, dole a rage.

Da Pillow na yi aikin, wato kayan sarrafa hoto na Python (harshen rubuta manhajar kwamfuta), kyauta ne. Na fara da umarnin resize, na ce kowane hoto ya koma 800 da 800. Da kawu ya gani sai ya yi shiru, can ya ce: "Ɗana, wannan ba ɗinkina ba ne." Wallahi abin ya taɓa ni. Jakar da ya kwana uku yana yi wa ado ta tsuke, zagayen da ya fitar da hannunsa ya koma kamar ƙwai. Laifina ne, resize abin da ka ba shi yake yi, ba ruwansa da daidaiton faɗi da tsayi.

Umarnin thumbnail ne ya fitar da ni kunya. Iyaka kawai kake ba shi, kamar 800 da 800, sai ya rage hoton ya shiga ciki da siffarsa. Mai 4000 da 3000 ya fito 800 da 600, wanda aka ɗauka a tsaye ya fito 600 da 800. Kuma ba ya ƙara wa ƙaramin hoto girma, balle ya dushe. Na zaɓi tacewar LANCZOS, wato hanyar rage hoto mai fito da shi tsaf, har sawun zare ana gani a bakin jaka.

Sai dai a kula, thumbnail a kan hoton da ka buɗe yake aiki, ba sabo yake ba ka ba. Ka adana da wani suna, kar ka danne na asali. Hotunan waya kuma sukan fito a kwance, don bayanin juyinsu a EXIF yake, wato bayanan da waya ke ajiyewa a cikin hoton. Umarnin exif_transpose kafin ragewa yana tayar da su. Mai kwafo tsohon darasi ya sani an cire ANTIALIAS, tsohon sunan LANCZOS, tun Pillow 10 a 2023.

Yanzu kawu da kansa yake miƙa wa baƙi wayar a rumfa, ya ce su duba adon da kyau.