Ranata ta farko wurin likitan ƙwaƙwalwa a Yamai

Wata 3 na yi ba barcin kirki, abinci ma sai na tilasta wa kaina. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Yayata ce ta ja ni daga Bukoki zuwa wani asibitin kuɗi, ina ta jan mayafi kada wani ya gane ni. A kunnenmu ƴan Yamai, da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai a ce mahaukata.

Ashe hira ce. Kusan awa guda likitan yana tambaya da Hausa: yaushe abin ya fara, ƙarfe nawa nake farkawa, ko akwai mai irinsa a dangi, ko ina shan tramol. Sannan ya ce, "Hajiya, ki ɗan ba mu wuri." Da yayata ta fita ya tambaye ni ko na taɓa tunanin kashe kaina. Ban san sanda hawaye suka zubo ba. Ya turo mini kwalin hankici, bai katse ni ba.

Ya rubuta awon jini da magani, ya ce irin wannan sai ya yi sati 2 zuwa 4 kafin a ji aikinsa, kuma kada in yanke shi kwatsam don na ji sauƙi. Satin farko na sha tashin zuciya, kamar yadda ya faɗa.

Inda suka gaza: an ba mu ƙarfe 9, sai bayan azahar muka shiga, kuma mai rajista tana kwaɗa suna da ƙarfi a gaban kowa. Ku tafi da kwalayen duk maganin da kuke sha, zai nema.