Wasiƙa daga Landan kan hannun PS5 da sautinta

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da dukkan mutanen gida. Na ga saƙonka tun ranar Talata, aikin dare ne ya sha mini kai. Ka ce yaran unguwa sun dame ka da zancen PS5, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Sony, wai hannunta (abin da ake riƙewa a sarrafa wasa) yana sa mutum ya ji abin da ke faruwa a cikin wasa, sautinta kuma yana zagaye kai, har kana tunanin sayar da PS4 huɗun da ke shagonka ka sayi biyu sababbi. Kada ka yi gaggawa. Ina da ita a ɗakina, abin da na taɓa da hannuna zan faɗa maka.

Maganar hannun gaskiya ce. DualSense ake kiransa, ya fito tare da na'urar a watan Nuwamba na 2020, lokacin ana sayar da mai cin faifai fam 449.99 a nan Ingila, hannu ɗaya kuma fam 59.99, kafin farashi ya ƙaru daga baya. Akwai ɗan wasan da ke zuwa a cikinta kyauta, Astro's Playroom. Ranar da na fara kunna shi, ɗan mutum-mutumin ya shiga ruwan sama ya buɗe lema, sai na ji ɗigon ruwan yana sauka a tafin hannuna ɗaya bayan ɗaya, kamar yayyafin farkon damina a kan kwanon ɗaki. Da ya taka yashi na ji daban, da ya hau ƙanƙara na ji santsi. Da na ja kwari da baka, maɓallin R2 ya yi tauri a ƙarƙashin yatsana kamar tsirkiya ce nake ja da gaske. Wallahi na daɗe a zaune ina maimaita wurin. A wasan Returnal na 2021 ma, in ka danna maɓallin L2 rabi sai ya tsaya cak, nan ne saiti. In ka ƙara ƙarfi ya wuce, bindigar ta koma wani harbin daban.

To amma waɗannan wasannin biyu duk Sony ce ta fitar da su. Ita ta ƙera hannun, dole ta nuna abin da zai iya. Sauran kamfanonin da ke haɗa wasanni lissafinsu daban ne. Wasa ɗaya suke yi ya hau PS5, ya hau Xbox, ya hau kwamfuta, alhali hannun Xbox ba shi da wannan maɓallin mai tauri. Kuma kowace girgiza sai wani ma'aikaci ya zauna ya tsara ta, kamar yadda ake tsara sauti, wato lokaci da kuɗi a kan abin da wani ɓangare na masu saye ne kawai zai ji. Shi ya sa da yawansu suke ɗan taɓawa su wuce. Akwai masu ƙoƙari: a Deathloop, in bindigarka ta cije, kunamar ma sai ta ƙi dannuwa. A wasu kuwa girgizar nan ce dai da ka sani tun PS2, an canza mata riga.

Abin da ke sa ni ɗari-ɗari shi ne mun taɓa gani. PS3 ta zo a 2006 da hannun da ake karkatawa, ba a je ko'ina ba akasarin wasanni suka yi watsi da shi. Ɗauki hannun PS4 da ke gabanka ka dubi allon shafawar nan na tsakiya: a 2013 an yi ta zuzuta shi, a ƙarshe ya zama babban maɓallin buɗe taswira. Kinect ta Microsoft, kyamarar da ke bin motsin jiki, ta fito a 2010, a 2017 aka daina ƙera ta. A ganina DualSense ya fi su samun karɓuwa nesa ba kusa ba, sai dai cikakken daɗinsa har yanzu a wasannin gidan Sony yake.

Kai kuma ƙwallo ce kasuwarka. Tun FIFA 21, in ɗan wasa ya gaji maɓallin gudu yakan yi nauyi, abin sha'awa ne a kwanakin farko. Abokan wasana a nan da ke buga gasa ta intanet kusan duk sun kashe shi, a ƙwallo da Call of Duty, don yana rage saurin yatsa yana kuma shan batir. Yaron da ya biya kuɗin wasa ɗaya yana son ya ci abokinsa, ba zai so maɓalli yana masa gardama ba.

Sautin kuwa, Tempest suka sa masa suna. Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara na'urar, ya yi bayani a watan Maris na 2020 cewa siffar kunne da kan kowane mutum daban ce, don haka aka ba da zaɓi biyar mutum ya ɗauki wanda ya dace da jinsa. Da abin kunne ake jin amfaninsa sosai. Cikin dare, ɗaki shiru, nakan ji takun abokin gaba a bayana ta hagu, ko a saman bene, tun ban gan shi ba. A 2021 sun ƙara shi a lasifikar talabijin, amma bai kai ba. Yanzu ka tuna shagonka da yamma: janareta a bakin ƙofa, fanka, yara goma suna ihu. Ba wanda zai ji komai.

Wajen ciniki, abin da ya fi burge ni a nan shi ne mayar da kaya. Dokar kare masu saye ta 2015 ta ƙasar nan ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da abin da ya zo da matsala a ba shi kuɗinsa. Na taɓa sayen hannu na wani kamfani daban a wani ƙaramin shago, sandar hagu tana tafiya da kanta. Na koma da rasit, yarinyar da ke kanti ta jona shi ta gwada, ta mayar mini da kuɗina ba musu. Intanet ɗin gida ma ba a ƙirga mini data, wasa mai gigabait hamsin ko fiye zan bar shi ya sauka kafin na tashi daga barci. Kai sai ka sa wannan a lissafinka. Amma wajen gyara kun fi mu. A nan kuɗin mai gyara yakan kusa kuɗin sabo, mutane jefarwa suke yi. A Kano yaro zai kwance hannu a gabanka, ya busa ƙura, ya canza sanda, ka tafi da abinka. Sai dai ka fara tambayarsu ko suna da kayan gyaran DualSense, don cikinsa ya fi na PS4 tarkace, ga ƙurar hunturu.

Abu ɗaya da masu sayarwa ba lallai su gaya maka ba: hannun PS4 ba ya buga wasannin PS5, sai sababbin hannuwa. Faya-fayan PS4 kuwa yawancinsu suna hawa, in ka sayi mai cin faifai.

Shawarata, ka riƙe huɗunka, ka tara ka ƙara PS5 ɗaya ka ajiye ta a kusurwa da kuɗinta daban, ka ga yadda yaran za su karɓe ta wata biyu ko uku. In Allah Ya yarda, wanda zai taho gida kafin Sallah zan ba shi hannu biyu da abin kunne ɗaya ya kawo maka. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata zan kira ta ranar Juma'a bayan masallaci.