Sashen allurar wata-wata na yara masu zazzaɓin amosanin gaɓɓai: abin yabo da abin gyara

Sashen kula da zuciyar yara na asibitin gwamnati da ke garinmu, inda ake yi wa 'yata allurar benzathine penicillin duk bayan mako huɗu saboda zazzaɓin amosanin gaɓɓai, wuri ne da zan iya tura kowane uba ko uwa hankali kwance, ko da yake akwai gyare-gyaren da suka daɗe suna jiran a yi su.

Abin da ya fi komai daraja a wurin shi ne bayani. Likitar da ke duba yarinyar ba ta tsaya ga rubuta magani ba. Ta zaunar da ni da mahaifiyarta ta fahimtar da mu cewa cutar daga ciwon maƙogwaro take farawa, wanda wata ƙwayar cuta mai suna streptococcus ke haddasawa, kuma idan ba a kashe ƙwayar da magani ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jikin yaro na iya juyowa ta far wa gaɓɓansa da ƙofofin da ke cikin zuciyarsa. Yara 'yan shekara 5 zuwa 15 ta fi kamawa. Ciwon yakan tashi daga gwiwa ya koma idon sawu ko gwiwar hannu, ga zazzaɓi, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsa zazzaɓin cizon sauro ko sikila, su yi ta sayen magani a kemis. Wasu kuma tun a matakin ciwon maƙogwaro wurin wanzami suke kai yaro a cire masa beli, alhali ƙwayar cutar tana nan daram. Ciwon gaɓɓan yana wucewa, amma tabon da ya bari a zuciya ba ya gogewa, kuma duk dawowar zazzaɓin ƙara lalata ƙofofin take yi. Amfanin allurar ke nan: hana shi dawowa. Wani bincike da aka yi a Gulu ta ƙasar Yuganda, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa cikin yaran da ke karɓar allurar, ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne ciwon zuciyarsu ya ƙaru a shekara biyu, a waɗanda ba sa karɓa kuwa ya kai kusan kashi 8.

Allurar tana da zafi, domin maganin mai kauri ne, har yakan toshe bakin allura. Ma'aikatan jinyar sashen sun ƙware a kanta ƙwarai. Sukan ɗumama kwalbar a tafin hannu, su haɗa maganin da lidocaine don rage raɗaɗi, su tura shi a hankali, sannan su tabbatar yaro ya ci abinci ya sha ruwa kafin a yi masa. Bayan an gama ba sa barin kowa ya tafi sai ya zauna kimanin rabin awa, saboda akwai jikin da ba ya karɓar penicillin. Babbar ma'aikaciyar jinyar tana da rajista mai ɗauke da sunan kowane yaro da ranar dawowarsa, kuma idan rana ta wuce takan kira ta ce, "Baban yarinya, lafiya ba mu gan ku ba?" A ganina wannan rajistar ita ce ƙashin bayan aikin, tunda magani ne na shekaru: wanda cutar ba ta taɓa zuciyarsa ba zai yi aƙalla shekara 5 ko har ya kai shekara 21 da haihuwa, wanda ta bar wa tabo kuwa yana iya ci gaba har ya kai shekara 40 da haihuwa ko ma tsawon rayuwarsa.

Inda sashen ya gaza shi ne samar da maganin. Sau da yawa kantin magani na asibitin ba shi da shi, sai a ba mutum takarda ya fita nema a gari, inda farashi ya bambanta kuma babu tabbacin yadda aka adana shi. Na ga iyayen da suka zo daga ƙauye da kuɗin mota kawai suka koma ba a yi wa ɗansu allura ba, abin da ya sosa mini rai matuƙa. A 2018 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya sun amince da ƙuduri kan yaƙi da wannan cuta, saboda haka bai dace maganin da ya fi komai muhimmanci a yaƙin ya riƙa yankewa ba. Hoton zuciya ma layinsa yana da tsawo.

Sai kuma ranar allurar, wadda ta faɗo a tsakiyar mako da safe, alhali kusan duk masu zuwa 'yan makaranta ne. Ina roƙon hukumar asibitin ta mayar da ita Asabar, ko ta ba ƙananan asibitocin unguwa damar yin allurar a ƙarƙashin rajistar sashen.