Shatar Hiace daga Damagaram zuwa Yamai da iyali: inda take biyan kuɗinta da inda take ba da kunya

Da an rufe makarantu an shiga babban hutu, gidaje da yawa a Damagaram kan fara shirin kai yara Yamai, su ga dangi, su ga kogi, su shiga gidan tarihi na Boubou Hama su kalli namun daji da ƙasusuwan dabbobin zamanin da. Tafiyar kusan kilomita 900 ce a kan babbar hanya mai lamba ɗaya. Manyan bas na kamfanoni suna cinye ta a yini guda: a tashi kafin asuba, a shiga Yamai cikin dare. Ga baligi mai jaka ɗaya wannan ya isa. Ga gida mai goyo, da yara ƙanana huɗu, da tsohuwar da ƙafarta ke kumbura in ta daɗe a zaune, lissafin ya sauya. Shi ya sa wasu ke zuwa tasha su ɗauki shatar Toyota Hiace sukutum, da direbanta da yaron mota.

In za ku kai mutum takwas zuwa sha biyu, shata ta cancanci kuɗinta. In ba ku wuce biyar ko shida ba, ku yanki tikitin bas, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Babban abin da shata ke ba iyali shi ne ikon cewa "tsaya" a tsaya: yaro zai kewaya, lokacin salla ya yi, goyo ya yi zafi. Matsalar ita ce direban tasha ya saba da lodi, ya saba da gudun ya kai ya juyo, kuma in ba a ɗaure magana da shi tun a gida ba, haka zai tuƙa ku kamar fasinjan kasuwa, ku biya kuɗin shata ku sha wahalar haya.

Ciniki iri biyu ake yi. Ko a yanke kuɗi dunƙule har da mai, ko a biya kuɗin mota da direba na kowane yini, mai kuwa maigida ya riƙa zubawa da hannunsa. Na biyun ya fi, ko da a ido ya yi kamar ya fi tsada. In mai yana cikin kuɗin direba, duk litar da ya rage ribarsa ce. Sai ka ga ya kashe kilim, wato na'urar sanyaya mota, da rana tsaka ya ce ta lalace, ya tsaya wurin masu man kwalba a bakin hanya, ya saki giya a gangara motar na tafiya sakaka, abin da ke rage masa iko da ita in wani abu ya gitta. In kai ke sayen mai, duk wannan ya kau. Lissafinsa kuma ba wuya: tsohuwar Hiace mai shan esansi, cike da mutane da kaya, takan sha lita 12 zuwa 14 a kilomita 100. Ka ɗauka lita 120 zuwa Yamai. A farashin sefa 499 da aka sauko da lita a 2024, jika 60, wato sefa dubu 60, ke nan zuwa, jika 60 dawowa, ban da yawon cikin gari. Tankinta wajen lita 70 yake ci, don haka a cika a Damagaram, a ƙara a Maraɗi, a ƙara a Ƙwanni, a ƙara a Dosso, kullum a gidan mai na sosai, kuma kada a bar allura ta sauka ƙasa da rabi.

Ɗan kamasho zai haɗa ka da mota, a ba shi hakkinsa, amma maganar ƙarshe da mai mota da direba za a yi ta, gaban shaida. Abubuwan da ake mantawa su ne ke jawo rigima a hanya: wa zai biya peyaji, wato kuɗin bin hanya, wa zai ciyar da direba da yaronsa, ina za su kwana, in mota ta lalace wa zai sayi kayan gyara, kuma in ta kwanta gaba ɗaya wa zai nemo wata. Sannan a faɗa masa a fili: "Malam direba, ba ƙarin fasinja, ba saƙon kowa, ba tafiyar dare, kwana biyu za mu yi." In ya fara cewa ai Alhaji yini ɗaya ma ya ishe mu, ka san irin tuƙin da ke ransa. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku.

A nan ne masu ba da shata suka fi rauni: kusan babu wanda zai kawo maka mota ya ce ga abin da ke damunta. Za a wanke ta, a fesa turare, a shimfiɗa sabon kafet. Dubawa aikinka ne, kuma kwana biyu kafin tafiya ake yin ta, da bakanikenka, ba ranar tashi da asuba ana haska fitilar waya ba.

A fara da taya, don ita ce ke kashe mutane a wannan hanya. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ƙarshensa lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida roba ta bushe, ko da zanenta na nan raɗau, kuma yawancin tayoyin hannu da ake sa wa motocin tasha haka suke. A shafa gefenta da hannu. In akwai ƙananan tsaga kamar faso, ko wani wuri ya kumburo kamar ƙurji, wannan tayar ba za ta jure kwalta mai zafi da nauyin mutum goma sha biyu ba. A dage a canza ta, musamman in ta gaba ce. Iska kuma da safe ake aunawa, taya na sanyi. Akwai kuskuren da yaran mota ke yawan yi: a tsaya da rana, su ga taya ta yi tauri, su sace mata iska wai kada ta fashe. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke lanƙwashewa tana ɗaukar zafi har ta tarwatse. Tayar ajiya, wadda direbobi ke kira sukur, biyu ake so, duka da iska, tare da jak mai aiki, da abin kwance goro da ya yi daidai da goron motar, da ɗan katako mai faɗi da za a ɗora jak a kai, don gefen hanyar yashi ne, jak nutsewa yake.

Sai lagireto. Injin tsohuwar Hiace a ƙarƙashin kujerar gaba yake, ɗaga kujerar ake a gan shi. A duba robobin ruwa: wanda ya yi laushi kamar ɓargo ko ya tsattsage a bakin maɗauri, a canza. A bar injin ya yi minti 20 yana aiki da kilim a kunne, a ga inda allurar zafi ta tsaya. In direba ya ce allurar ba ta aiki amma shi ya san motarsa, a nemi wata mota. A tafi da kuruwa ta ajiya, wato fambel, da jarka mai lita 20 ta ruwan mota daban da na sha. In ta yi zafi a hanya, a fitar da kowa tukuna, a jira rabin awa kafin a taɓa murfin, don tururin cikin motar zai fito, daidai inda mutane ke zaune. Birki kuwa a gwada shi a kan hanyar Takeita da ɗan gudu: in motar na ja gefe guda, ko ƙafa na nutsewa har ƙasa, ko ana jin ƙarfe na cin ƙarfe, ba a gama shiri ba.

Kujeru 19 da ake cusawa a motar haya ba na tafiyar iyali ba ne. A bar layin baya babu kowa, a sa kaya masu nauyi a can ƙasa: buhun gero da za a kai wa dangi, jarkoki, kula. Saman mota na tabarmi ne da katifu da jakunkunan tufafi, a rufe da tamfol a ɗaure tam, domin babban hutu da damina yake haɗuwa. Nauyi a sama shi ke sa Hiace ta yi tangaɗi a kwana, in taya ta fashe kuma ta kife. Yara ba sa zama gaba, ba a kan cinya ba, ba a kan murfin injin ba. Kujerar da ke da ɗamara mai aiki a ba su ita. Ƙofar gefe mai ja a tabbatar tana kullewa, babba ya zauna bakinta.

Tsarin da ya fi dacewa shi ne a kwana Birnin Ƙwanni, wadda ke kusan tsakiyar hanya. A tashi bayan sallar asuba, gari ya fara wayewa. Takeita, Tasawa, a ɗan sauka a miƙe ƙafa, Agye, Cadawa, a shiga Maraɗi kafin sha ɗaya, kilomita 235 ke nan a baya. A ci abinci, direba ya kishingiɗa awa ɗaya, a yi azahar, a kama hanya: Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Malbaza, Tsarnawa, a isa Ƙwanni da sauran rana. Kashegari Dogon Dutsi, Dosso, Birnin Gaure, a shiga Yamai kafin la'asar, kilomita wajen 420. Akwai dalilin da ya sa ake son a gama da wuri ban da duhu. Mai zuwa Yamai yamma ya nufa, daga la'asar sakaliya rana a idon direba take, a daidai lokacin da shanu ke komawa gida, amalanke ke fitowa daga kasuwannin ƙauye, yara ke tsallaka titi. Da dare kuwa ga manyan motocin da suka lalace a kan kwalta babu fitila sai ganye da aka jera, ga kuma maganar tsaro, musamman daga Ƙwanni zuwa Dosso. A tambayi direbobin da suka fito daga can da safiyar ranar, su ne ke da labarin hanya mai ɗumi. Haka in an yi ruwan dare: korama in ta hau kwalta a jira ta sauka, kada direba ya ce ya saba. A daminar 2024 ruwa ya yanke wannan hanya a mashigar Yamai kanta.

Gudu kada ya wuce 80 zuwa 90. Duk awa biyu a tsaya minti goma, ko da babu wanda ya nema.

Guzuri daga gida ya fi na bakin hanya, don cikin yaro bai san abincin tasha ba. Kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, soyayyen nama, dafaffen ƙwai da burodi, duk Kasuwar Dole ta wadatar. Fura da nono a sha su kafin Tasawa, zafi na tsamar da su. Dambu da salak a bar su. Ruwan sha lita 3 ga kowane mutum a yini. Dabarar da ta fi sayen ƙanƙara ita ce a daskarar da rabin ruwan a gorori tun daren jiya a jera a kula: suna sanyaya abinci, suna narkewa ana sha. A ɗauki ƙunshin gishirin zawo guda biyar, kowane ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya. Farasitamol na yara, gidan sauro na kwanan Ƙwanni, buta biyu, fo na ƙananan yara, leda da tsumma da tufafin canji a jaka ɗaya da ke hannun uwargida, ba a saman mota ƙarƙashin tamfol ba. Yaron da mota ke sa shi amai a zaunar da shi layin farko bayan direba, kusa da taga, yana kallon gaba. A karɓe masa waya, a ba shi abinci kaɗan mara maiƙo. Kuma ko minti biyar ne, ba a barin yaro mai barci a mota a rufe a tafi salla. Matafiyi ma an sauƙaƙa masa, azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu ne.

Shingayen jandarma da ƴan sanda suna da yawa, kuma abin da ke cin lokaci a wurinsu takarda ce da ta ɓace a ƙasan jaka. Katin ɗan ƙasa na kowane babba, takardar haihuwa ta kowane yaro, duka a leda ɗaya a hannun mutum ɗaya. Ɗan riƙo ko ɗan ƴar'uwa da aka ɗauko a zo masa da takardar izinin iyayensa. Takardun mota a gani da ido tun ranar dubawa: kart giriz, asiransi, bizit, permin direba, a karanta ranar ƙarewar kowace, a tabbatar ta wuce ranar dawowa. Rasit na peyaji a adana shi, ana tambaya a gaba.

Inda shata ta fi daɗi shi ne abin da mai bas ke gani ta gilashi kawai. A Madawa a tsaya uwargida ta zaɓi tabarma, a Galmi a sayi albasar nan mai launin shuɗi-ja da ta yi suna har ƙasashen waje, a Dogon Dutsi yara su sauka su ga duwatsun da garin ya samo sunansa. A yankin Kure, kilomita kamar 60 kafin Yamai, nan ne mafi yawan raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma suke, wani lokaci ana hango su daga kan kwalta. Tun harin da ƴan bindiga suka kai a can a watan Agusta na 2020 ba a kutsawa dajin kai tsaye. A kalla daga bakin hanya, in ana son shiga a bi ta hannun hukuma.

Maganar zaman Yamai ita ma a yanke ta tun farko. In hutun ya wuce kwana huɗu, riƙe mota da direba asara ce, kuɗin yini na tafiya mota na ajiye. Gara a sallame shi ya yi lodinsa ya dawo, a sa ranar da zai koma ɗaukarku, a kira shi kwana biyu kafin ranar. A dawowa a sake duba taya da ruwa kamar farko, don motar ta yi wasu tafiye-tafiyen a tsakani. Wannan karon gabas aka nufa, rana da safe take bugun ido, saboda haka a wanke gilashin gaba ciki da waje tun dare, direba ya yi a hankali awa biyun farko daga Yamai zuwa Dosso. Cikon kuɗinsa kuma a ƙofar gida a Damagaram ake ba shi, bayan an sauke kaya an ƙirga.