Tabarau ko allo: wanne zai nuna inda idon fasinja ke sauka a Oshodi?

Ƙanwata, kin ce kina digiri na biyu a fannin zanen gine-gine a nan Legas, kina son auna yadda fasinja ke gane hanya a tashar Oshodi, kuma kin rasa wacce za ki nema tsakanin na'urar bibiyar ido ta gaban allon kwamfuta da wadda ake sawa kamar tabarau. Ni dai tabarau zan ce miki, ko da yake ta allon ma tana da ranarta.

Tushen aikinsu ɗaya ne. Ana haska ido da wani haske da mutum ba ya gani, ƙaramar kyamara ta riƙa ɗaukar ƙwayar idon, manhaja ta lissafa inda ya dosa. Ido ba ya tafiya sumul: yakan tsaya kamar rubu'in daƙiƙa, ya yi tsalle, ya sake tsayawa. Waɗannan tsaye-tsayen ake ƙirgawa.

Ta allo ta fi daidaito nesa ba kusa ba. Irinta mai suna EyeLink 1000 Plus na iya auna ido har sau 2,000 a daƙiƙa. Kuma da yake kowa hoto ɗaya yake kallo, sai a tara sakamakon kowa a taswirar launi guda, ja inda aka fi kallo. Irin wannan aikin ne ya fito da Ann Sussman da Justin Hollander a Amurka, waɗanda suka nuna cewa ido kan tsallake bangon da ba komai a jikinsa, ya nufi taga da ƙofa da fuskar mutum. Da fuskar gini kike nazari, misali Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu, da na ce ki tsaya nan. To amma hoto, mai ɗaukarsa ya riga ya zaɓar wa mutum inda zai duba, ga shi ido na son tsakiyar allo ko da babu komai a wurin. Wanda ke zaune a ɗaki mai sanyi ba ya waiwaye, ba kaya a kansa, ba kwandasta na kiran Agege a kunnensa.

Tabarau kuwa, irin Tobii Pro Glasses 3 da ya fito a 2020 ko Neon na kamfanin Pupil Labs da ke Balin, tafiya ake da shi. Na Tobii sau 50 ko 100 yake aunawa a daƙiƙa, kuma ya ishe ki, tunda tambayarki ita ce ko mutum ya ga allon kwatance kafin ya hau gadar da ta haɗa ɓangarori uku na tashar. Wahalarsa ce dai da yawa. Rana mai ƙarfi na iya rikita kyamarar idon, gumi na sa shi zamewa a hanci, sannan bidiyon kowa daban yake, sai kin zauna kin bi su ɗaya bayan ɗaya kina alamta abin da aka kalla. Nan lokacinki zai tafi. Kyamarar gaba kuma tana ɗaukar fuskokin bayin Allah da ba su san ana yi ba, don haka ki nemi izinin hukumar tashar, ki duba dokar kare bayanan sirri ta 2023, ki dusashe fuskoki.

Masu bincike yanzu sun karkata ga hanya ta uku, wato na'urar VR, wadda ake sawa a fuska ta nuna wa mutum wurin da kwamfuta ta zana kamar yana cikinsa, mai bibiyar ido irin HTC Vive Pro Eye ta 2019, inda ake zagaya ginin da ba a ma aza tubalinsa ba, a sauya wurin alama a sake gwadawa. Oshodi kuwa tana tsaye tun 2019, me zai kai ki kwaikwayonta? Manhajojin da ke hasashen inda ido zai sauka a hoto, irin VAS na kamfanin 3M, kuma daƙiƙa 3 zuwa 5 na farkon kallo kawai suke kintata, ba su san mai sauri ba.

Ko wacce kika ɗauka, kada ki ce wa mutum "zagaya kawai". Tun shekarun 1960 Alfred Yarbus na Rasha ya nuna cewa tambayar da aka yi wa mai kallo tana sauya inda idonsa ke bi a hoto ɗaya. Ki ba shi aiki: nemo motar Abule Egba. Ki haɗa 'yan gari da baƙi, musamman irin ɗan kasuwarmu da ya sauko daga Arewa zai wuce kasuwar Mile 12, wanda wataƙila Turancin allon bai dame shi ba, mutane yake tambaya. Da ya gama, ki kunna masa bidiyonsa ya faɗa miki da bakinsa abin da ya tsayar da idonsa, domin na'ura ba ta bambance wanda ya daɗe yana kallon alama don ta burge shi da wanda ya daɗe don ya kasa karanta ta.