Babu kuɗin fito, amma akwai takarda: kasuwar Birtaniya bayan barin Tarayyar Turai

Jama'ar gida, assalamu alaikum. Masu shirin zuwa karatu ko sarin kaya suna yawan tambaya ko ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta taɓa kasuwa da gaske, ko dai surutun 'yan siyasa ne. Ta taɓa, sai dai ta wata ƙofa dabam da wadda aka yi ta fargaba.

A ƙuri'ar raba gardama ta 2016, kusan kashi 52 cikin ɗari suka ce a fita, aka tsayar da 29 ga Maris 2019 a matsayin ranar fita. Majalisa ta yi fatali da yarjejeniyar ficewa ta Firaminista Theresa May har sau uku, karon farko da ƙuri'a 432 a kan 202. Inda gizo ke saƙa shi ne iyakar Ailan ta Arewa (yankin Birtaniya) da Jamhuriyar Ailan (mambar Tarayyar Turai), mai mashigai fiye da 200, wadda tun sulhun 1998 da ya kawo ƙarshen rikicin Ailan ta Arewa ba wanda ke son ganin shingen kwastan ya dawo kanta. Boris Johnson ya hau kujerar firaminista yana rantsuwar zai fita ko da yarjejeniya ko babu, ya dakatar da majalisa, Kotun Ƙoli ta ce ya karya doka, 'yan majalisa kuma suka ɗaure masa hannu da dokar tilasta neman ƙarin lokaci. An fita ranar 31 ga Janairu 2020, amma yarjejeniyar ciniki ba ta ƙullu ba sai 24 ga Disamba, saura mako guda wa'adin ci gaba da ciniki bisa tsoffin dokoki ya cika.

Da an fita hannu rabbana, da dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ne za su yi aiki: kashi 10 a kan kowace mota, fiye da kashi 40 a kan naman ragon da makiyayan Birtaniya ke kai wa Faransa. Tirela wajen 10,000 ke bi ta tashar Dover a rana, kuma takardar gwamnati mai suna Yellowhammer ta yi hasashen mota za ta iya kwana biyu da rabi a layi. An umarci kamfanonin magani su tara ƙarin kayan mako shida. A cikin wannan ruɗani ne aka ba wani kamfani kwangilar jigilar ruwa ta fam miliyan 13.8 alhali ko jirgi ɗaya ba shi da shi, daga baya aka soke. Wanda ya zaci a gida ne kaɗai ake irin wannan kwangila, to ga ta.

Wanda ya ɗanɗani ficewa ba yarjejeniya a zahiri, abin mamaki, manomin ayaba ne a Gana. Tasu yarjejeniyar da Birtaniya ba ta kammalu ba zuwa 1 ga Janairu 2021, sai ayabar da a da ke shiga kyauta ta fara biyan kuɗin fito, har aka sa hannu a watan Maris.

Yarjejeniyar Turai ta ce babu kuɗin fito, amma sai ga kayan da asalinsu na ɓangarorin biyu ne. 'Yan kasuwar tufafi su lura da wannan. Shaddar da aka saƙa a Ostiriya tana shiga Landan ba fito, muddin mai sayarwa ya rubuta shaidar asalinta a rasit. Rigar da aka ɗinka a Sin, ta yada zango a sito a Holan, idan ta tsallako sai ta biya, kuma na tufafi yakan kai kashi 12. Ƙunshin da bai wuce fam 135 ba, tun wurin saye ake cire harajin kaya na kashi 20. Wanda ya haura haka, mai kawo saƙo zai riƙe shi har a biya haraji da fito da ladan aikinsa. Ƙananan kantunan Turai da yawa sun ga wahalar ta fi ribar, suka daina aikawa Birtaniya kwata-kwata.

Nama da cuku da madara sun fi shan wuya. Galibi lodi yana buƙatar takardar lafiya da sa hannun likitan dabbobi na hukuma, da sanarwa ta intanet kafin mota ta iso. Turai ta fara duba kayan Birtaniya tun ranar farko. Birtaniya kuwa ta ɗage nata binciken sau biyar don tsoron tsadar abinci, sai a Afrilun 2024 ta fara, a tashar bincike ta Sevington, mai tazarar kilomita 30 da wani abu daga Dover, da kuɗin da ke iya kai fam 145 a lodi guda. Babban kanti mai cika tirela da kaya iri ɗaya bai ji komai ba. Mai ƙaramin shago da ke haɗa kaya iri goma a mota ɗaya shi ya ji a jikinsa, don kuskure a takardar mutum ɗaya yana tsayar da kayan kowa. Mutanen Maraɗi da Ƙonni su sa ido a nan: Nijar ta bar ECOWAS a Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da kaya kamar da har sai an daidaita, kuma abin da za a rubuta game da takardun kan iyaka shi zai taɓa farashi.

A Fabrairun 2023 manyan kantuna sun ƙayyade tumatir da tattasai da kokwamba, wasu uku-uku, wasu bibbiyu ga mai saye. Da hunturu kusan duk tumatirin ƙasar daga waje yake zuwa, galibi Sifaniya da Maroko, kuma sanyi da ruwa ne suka ɓata amfanin. Amma idan kaya ya yi ƙaranci, dillali a Sifaniya ya fi son mai saye na Jamus, wanda ba sai an cika masa takarda ba. Haka layin mai na Satumban 2021: man yana matata, direbobin tanka ne babu, don da yawa 'yan gabashin Turai ne da suka koma gida. Gwamnati ta fitar da bizar wucin gadi 5,000 ga direbobin manyan motoci, har da sojoji aka sa tuƙi. Hauhawar farashin abinci ta haura kashi 19 a Maris 2023, ko da yake yaƙin Yukren da tsadar gas suna da babban kaso a ciki, kuma zalunci ne a ɗora wa ficewar duka.

Ga masu zuwa sayayya, babban sauyin shi ne tun farkon 2021 an daina mayar wa baƙo harajin kashi 20 a filin jirgi. Faransa har gobe tana mayarwa idan sayayyar ta ɗara yuro 100 a kanti guda, shi ya sa masu sayen jaka da agogo da turare suka karkata Faris da Milan. Hanyar da ta rage a Landan ita ce kanti ya aika kayan kai tsaye zuwa adireshinka na waje.

Waya ma ta sauya. A da layin Birtaniya yana aiki a Turai ba ƙari, amma a 2022 kamfanonin waya EE da Vodafone da Three suka dawo da cajin rana-rana. Batun biza kuwa, mai fasfon Najeriya ko Nijar bai yi asarar komai ba, domin bizar Birtaniya dama ba ta taɓa shigar da mutum Faransa ba. Ƙofar aiki ce ta buɗe mana bayan Turawan sun ragu, musamman aikin kula da tsofaffi daga Fabrairun 2022, sannan aka riƙa turo ta: an hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali a Janairun 2024, masu kula da tsofaffi a Maris, kuma a Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbinsu daga waje. Kuɗin asibiti da ake biya tare da biza ya kai fam 1,035 a shekara ga babba, ɗalibi 776.

Mai tahowa kada ya saka kilishi ko dambun nama ko man shanu a akwati. Daga Afirka dama haramtattu ne a filin jirgi, kuma tun Afrilun 2025, saboda cutar dabbobi ta ɓoru da ta ɓulla a Turai, ko daga Faransa aka sayo nama ko cuku za a ƙwace, tarar kuma tana iya kai fam 5,000.